Kada ki sayar da 'yan kunnen Inna saboda maƙala

Tambaya

Assalamu alaikum Mama. Ni matar aure ce a Daura, 'ya'yana biyu, ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti, kuma ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Bincikena a kan ƙarancin jini ne ga masu juna biyu da ke zuwa awo. Sau uku ke nan malamin da ke duba aikina yana dawo min da babi na biyu, ya ce maƙalun mujallun bincike da na kafa hujja da su sun tsufa, shi na shekaru biyar ɗin nan yake so. In na nemo a intanet sai in ga ɗan taƙaitaccen bayani, in na danna don in karanta sauran sai a ce in biya dala 35 ko 40 kowace ɗaya. Littafin ƙididdiga da aka ce mu saya shi ma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in kawo naira dubu 60 ya haɗa min babin gaba ɗaya har da madogara. Wata ƙawata kuma ta turo min wani shafi ta ce komai kyauta ne a ciki, amma na ji an ce na sata ne. Maigidana ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kuɗin makaranta, ina jin nauyin in sake ɗora masa wani. Har na ɗauko 'yan kunnen gwal da Innata ta ba ni lokacin aurena da niyyar in kai kasuwa. Kunya nake ji in gaya wa malamina cewa ba ni da halin sayen maƙalun. Don Allah Mama, ya zan yi?

Wata ɗaliba daga Daura

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Allah ya raya yaran, ya saka wa maigidanki da alheri.

Ki mayar da 'yan kunnen nan cikin akwati. Ko kin sayar da su kin sayi maƙalun, babi na biyu kaɗai kika toshe, in kin zo babi na biyar sai kin nemi wasu. Kuma sayen maƙala daga taƙaitaccen bayaninta kamar sayen kaza ne a cikin buhu, sai kin biya kin buɗe za ki ga ashe ba abin da kike nema ba ne, kuɗin kuma ya tafi.

Na yi shekaru masu yawa ina aiki a laburaren wata babbar makaranta a nan Katsina kafin in ajiye aiki, kuma ban san wani malami ko ɗalibi da ya gina kundinsa da sayen maƙala ɗai-ɗai daga aljihunsa ba. Malamin naki ma ba haka yake samu ba. Farashin nan da kike gani ba don irinki aka sa shi ba, kuma yana da kyau ki san inda kuɗin ke zuwa, don hankalinki ya kwanta. Wanda ya yi binciken ya rubuta maƙalar ba a ba shi ko sisi daga cikin dala 40 ɗin. Masanan da suka tantance ta kafin a buga, su ma galibi aikin sa kai suke yi. Kuɗin na kamfanin da ya mallaki mujallar ne, irin su Elsevier da Wiley da Springer Nature, kuma ainihin cinikinsu da jami'o'i suke yi, waɗanda ke biyan kuɗin shekara don malamansu da ɗalibansu su riƙa karantawa. A 2012 jami'ar Harvard ta Amurka, wadda babu jami'ar da ta kai ta dukiya a duniya, ta fito ta shaida wa malamanta cewa tsadar mujallu ta kai inda laburarenta ba zai iya ci gaba da ɗauka a haka ba. To balle ungozoma a Daura, a lokacin da tun bayan sakin naira a 2023 dala 40 ta haura naira dubu 40. Rashin iya biyan wannan kuɗi ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

Mai shagon kwamfutan nan kuwa, ki rabu da shi, kuma ba na sassautawa a kan wannan. Abin da irinsu ke yi shi ne su ɗauko kundin wani da aka riga aka kare a wata jami'a, su sauya sunan gari da shekara. Yanzu ma abin ya ƙara muni, domin da yawa manhajar nan mai rubuta wa mutum bayani suke tambaya, ita kuma tana iya ƙirƙiro sunan marubuci da sunan mujalla da lambar shafi, komai tsaf kamar gaske, alhali babu maƙalar a duniya. Malamin da ya dawo miki da babi sau uku mutum ne mai karanta abin da aka kai masa. Madogara ɗaya zai nema ya rasa, shi ke nan ya daina yarda da sauran aikinki, har da wanda kika yi da guminki. Jami'o'i da yawa kuma yanzu suna saka kundi a manhajar gano satar rubutu kafin a bari ɗalibi ya kare shi. Ko da an ce duk wannan bai kama ki ba, ranar kare kundi ke za ki tsaya gaban malamai, mai shago yana shagonsa. Sannan ga abin da ya fi damuna: ke ungozoma ce. Matan da kike auna wa jini ranar awo, saboda su ake son ki karanta abin da aka gano a kan ƙarancin jini. In wani ya karanta a madadinki, takardar za ki samu, su kuma babu abin da ya ƙaru da su.

Malaminki yana da gaskiya da ya nace a kan sababbin maƙalu, kuma ga misali daga fanninki. Shekara da shekaru ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne, mai juna biyu da sinadarin himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a kowace desilita ta jini tana da ƙarancin jini. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon jagora, ta bar 11 a watanni ukun farko da ukun ƙarshe, amma ta mayar da na watanni ukun tsakiya 10.5. Kin ga wanda ya tsaya a tsofaffin takardu zai iya ƙidaya matan da sabon ma'auni bai ƙidaya ba, adadinsa duka ya karkace. Wannan jagora kyauta yake a shafin hukumar, kamar sauran littattafanta da rahotanninta. Ki fara da shi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kalmar da ta fi tsaya min a rai ita ce kunya. Kina jin nauyin maigida, kina jin kunyar malami, kuma ban ga inda kika ce kin taka zuwa laburaren makarantarku kin yi tambaya ba. Mu mutanen wannan yanki an san mu da ita, har kirari ake yi wa Katsina da kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kunya ado ce a wurare da yawa, amma a neman ilimi tana jawo asara, kuma ita ce ke neman raba ki da gwal ɗin Inna.

Akwai wani shiri da ake kira Hinari. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara shi a 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallu, musamman don jami'o'i da asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallun lafiya kyauta ko da kuɗi kaɗan. Daga baya aka ƙara AGORA na aikin gona a 2003, da OARE na muhalli, da ARDI na fasaha da ƙirƙira, da GOALI na shari'a, aka haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya, Research4Life. Najeriya tana cikin ƙasashen da shirin ya shafa. Abin lura shi ne makaranta ce take yin rajista, ba ɗalibi ba, kuma sunan shiga da kalmar sirri suna hannun laburare. Ba kowace mujalla za ta buɗe miki ba, don wasu kamfanonin suna cire wasu ƙasashe daga wasu mujallunsu, amma abin da ke buɗewa yana da yawan gaske.

Abin da ya fi ci min rai a shekarun aikina shi ne ganin irin wannan dama tana zaune ba mai taɓa ta. Makaranta ta yi rajista, mun manna sanarwa a allo, zango ya wuce waɗanda suka zo tambaya ba su taka kara sun karya ba, alhali ɗalibai suna can bakin ƙofa suna biyan masu shago. Mu ma da namu laifin, domin manna takarda a allo ba shela ba ce, ya kamata mu bi su har aji. Ina tuna wata yarinya da ta shigo min ana saura mako biyu ta miƙa aiki, idonta ya yi ja. Muka zauna daga bayan azahar zuwa la'asar, ta tashi da maƙalun da suka ishe ta babinta har da ragi. Da za ta fita ta ce ita duk zamanta a makarantar ta ɗauka sashen kwamfutocin na malamai ne kawai.

Don haka ranar da kika shiga makaranta, ki wuce laburare kai tsaye. Kada ki tsaya a kan mai karɓar jaka a ƙofa, ki ce kina son ganin mai kula da sashen intanet na laburaren. Ki nuna katinki, ki ce ke ɗalibar digiri na biyu ce a lafiyar al'umma, kina son a ba ki hanyar shiga Research4Life, kuma a gaya miki sauran rumbunan mujallu da makarantar ke biya, da ko ana iya shiga daga gida ko sai a cikin harabar makaranta. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci gare ki tunda a Daura kike zaune. In makarantarku ta gwamnati ce, asusun TETFund yana ba irin waɗannan makarantu kuɗin bunƙasa laburare, saboda haka haƙƙinki kike nema, ba alfarma ba. In suka ce rajistarsu ta ƙare, ki nemi shugaban laburaren ya rubuta miki takardar gabatarwa zuwa wani laburaren. Al'ada ce da aka sani tsakanin makarantu. A jihar nan kaɗai akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam a cikin Katsina, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kano kuma ba ta yi wa Daura nisa ba, in ya kama a je Jami'ar Bayero.

Amma tun kafin ki kai ga laburare, akwai abin da za ki iya yi yau da dare in yara sun kwanta. Fannin lafiya ya fi yawancin fannoni sa'a a wannan batu. Akwai rumbun PubMed na laburaren likitanci na ƙasar Amurka, da ɗan'uwansa PubMed Central da aka buɗe a 2000, wanda ke ɗauke da miliyoyin maƙalu cikakku kyauta. Dalili shi ne tun 2008 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta cewa duk binciken da aka yi da kuɗinta sai an ajiye shi a inda jama'a za su karanta, wasu masu ba da tallafin bincike ma suka bi sahu. In kin rubuta kalmomin bincikenki a PubMed, ki duba gefe za ki ga inda ake tace sakamako. Ki zaɓi na shekaru biyar, ki zaɓi waɗanda cikakken rubutunsu kyauta ne. Da dannawa biyu kin biya buƙatar malaminki kin kuma kauce wa masu neman dala.

Ga wani abin da ɗalibanmu ba su cika lura da shi ba. Maƙalun da suka fi kusa da aikinki, wato waɗanda aka yi a kan matan Arewa a Kano ko Zariya ko Sakkwato, yawancinsu ba a bayan katangar kuɗi suke ba. Ki shiga AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. Ki duba Annals of African Medicine, da Nigerian Journal of Clinical Practice, da Pan African Medical Journal, da BMC Pregnancy and Childbirth, da PLOS ONE. Duk waɗannan mai karatu ba ya biya. Ki sauke rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke jagoranta. Na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma an sake yin wani zagayen a 2023 zuwa 2024. A ganina kundin da ya tsaya da ƙafarsa a kan binciken da aka yi a kan mutanenmu, sannan ya kwatanta da na waje, ya fi wanda ya cika da sunayen Turawa alhali bai san abin da aka gano a Zariya ba.

In kuma wata maƙala ce takamaimai kike so kika tarar da ita a kulle, kada ki ɗauka wannan ne kaɗai kwafinta a duniya. Ki kwafi sunanta gaba ɗaya ki saka a Google Scholar. Ki duba hannun dama ko akwai alamar PDF, in babu ki danna ɗan rubutun da ke ƙasa mai nuna sauran wuraren da maƙalar take. Sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa bisa izini. In kina da kwamfutar tafi-da-gidanka, ki ɗora wata 'yar manhaja kyauta mai suna Unpaywall a kan Chrome ko Firefox. Duk lokacin da kika buɗe shafin maƙala, in akwai halastaccen kwafi kyauta a wani wuri, za ki ga alamar koren kwaɗon kulle ƙofa a gefen allo, ki danna ya kai ki.

Waɗanda suka gagara duk wannan, sai ki rubuta wa mai maƙalar da kansa. Na san za ki ce wace ce ni da zan rubuta wa farfesa a Ingila ko Indiya. Ɗiyata, ƙasar nan da tambaya aka gina iliminta. Tun ƙarni na 15 akwai wasiƙa tsakanin malaman Masar da sarakunan nan, Imam Suyuɗi da ke Alƙahira ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim nasiha. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, neman ilimi ya fitar da shi daga nan har ya rasu a Alƙahira a 1741. A zaurukan malamanmu kuwa, kafin zuwan injin ɗab'i, sau da yawa ɗalibi ba ya sayen littafi. Zuwa yake ya durƙusa ya ce Malam a ara min, ya tafi ya kwafe da alƙalami da tawada, ya mayar. Ba wanda ya taɓa kiran wannan roƙo. Mai ilimi na gaske murna yake a nemi abin da ya rubuta, na can ma haka suke. Mutum ya yi shekara biyu a kan bincike, bai samu kuɗi a kansa ba, abin da ya rage masa shi ne a karanta a kuma ambace shi. Yawancin kamfanonin ma sun yarda marubuci ya ba wani mai bincike kwafi don karatun kansa.

A shafin maƙalar za ki ga suna ɗaya da alamar ambulan ko tauraro a kusa, adireshin imel ɗinsa yana nan ko da maƙalar a kulle take. Ki rubuta da Turanci mai sauƙi, kada ya wuce layi biyar. Ki faɗi sunanki da makarantarki, ki kawo sunan maƙalar da shekararta daidai, ki ce kina bincike a kan ƙarancin jini ga masu juna biyu a Daura ta jihar Katsina, laburarenku ba shi da mujallar, za ki yi godiya in ya turo miki kwafi. Ba sai kin yi doguwar gaisuwa ko kin ba da labarin halin da kike ciki ba. Wani zai amsa a kwana ɗaya, wani ba zai amsa ba sam, ba don raini ba, sau da yawa ya bar jami'ar ne ko saƙon ya nutse. In mako ya wuce shiru, ki rubuta wa wani daga cikin marubutan, musamman na farko a jeri, wanda galibi matashi ne da ya yi ainihin aikin. Shafin ResearchGate ma yana da maɓallin neman cikakkiyar maƙala daga marubuci, amma imel ya fi saurin samun amsa a abin da na gani.

Sai shafin da ƙawarki ta turo. Ina kyautata zaton Sci-Hub ne ko wani mai kama da shi. Wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ita ta kafa shi a 2011 saboda irin matsalar da kike ciki, kuma yana ɗauko maƙalu ne ba da izinin masu haƙƙin bugawa ba. A 2017 wata kotu a Amurka ta yanke cewa ya biya Elsevier dala miliyan 15. Ba zan ɓoye miki ba, mutane da yawa suna shiga, har a ƙasashe masu arziki, kuma ina fahimtar abin da ya kai su, domin tsarin da ke sayar wa likitan Afirka binciken da aka yi a kan marasa lafiyar Afirka tsari ne da ba na ganin adalcinsa. Duk da haka ba zan tura ki can ba. Zuciyarki ta riga ta yi ƙaiƙayi a kansa, shi ya sa kika tambaya. Sannan ko ta fuskar amfani, tun wajen 2021 shafin ya kusa daina ƙara sababbin maƙalu, ke kuma sababbi ake nema a wurinki. Ga kuma shafukan bogi masu kwaikwayon sunansa da ke cusa wa waya da kwamfuta cuta. Kundinki yana cikin wannan kwamfutar.

Wani gargaɗi kuma a ɗaya gefen: ba duk abin da yake kyauta ne abin dogaro ba. Akwai mujallun 'yan kasuwa da ke buga duk abin da aka biya su ba tare da tantancewa ba. In kin ga mujallar da ba ki sani ba, ki duba ko tana cikin PubMed ko AJOL ko DOAJ, wato kundin tantantattun mujallun kyauta da aka fara a jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. In ba ta cikin ko ɗaya, ki tambayi malaminki kafin ki jingina da ita.

Batun littafin ƙididdiga ya fi sauƙi. Ki tambayi malamin darasin ko lallai sai wannan bugun, domin ƙa'idojin ƙididdiga ba sa sauyawa daga bugu zuwa bugu, kuma tsohon bugu a hannun waɗanda suka gama bara yana nan yana shan ƙura. OpenStax na jami'ar Rice ta Amurka yana da cikakken littafin ƙididdiga na masu farawa, halas, kyauta, a sauke a waya. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, ta saka littattafan darussanta a shafinta kowa ya sauke, har da na lafiyar al'umma, kuma an rubuta su da misalan ƙasar nan. In kuma ya zama dole sai wancan littafin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku haɗu ku biyar ko shida a ajinku ku sayi ɗaya, ku raba kwanaki.

Kada kuma ki bar murnar samu ta sa ki tara abin da ba za ki iya karantawa ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Maƙala talatin da kika karanta da biro a hannu sun fi ɗari biyu da ke jibge a waya. Duk wadda kika sauke, ki sa mata suna da sunan marubuci da shekara nan take, ki rubuta layi uku a littafinki: a ina aka yi, mata nawa, me aka gano. Akwai manhajar Zotero, kyauta ce, tana adana maƙalu kuma tana jera madogara da kanta a salon da makarantarku ke so. Yini ɗaya ya isa ki koye ta. Ki kuma riƙa tura kwafin aikinki zuwa imel ɗinki duk mako, saboda na ga hawayen waɗanda kwamfutarsu ta mutu ana gobe miƙa aiki.

Malaminki kuwa, ki je masa, amma kada ki je hannu rabbana. Ki tafi da jerin abin da kika samo, da sunayen uku ko huɗu da suka gagara. Ki ce, Malam, ga waɗanda na samu na shekaru biyar ɗin nan, waɗannan kuma a kulle suke, na rubuta wa marubutan ina jira, ko Malam yana da su ko ya san inda zan samu? Babu maganar talauci a cikin wannan, magana ce ta ɗaliba mai aiki. Sau da yawa malami yana da tarin maƙalun fanninsa a kwamfutarsa, yana jiran wanda zai nuna da gaske yake.

Shi ma maigida kada ki ɓoye masa. Nauyin da kike ji na ki ce ya kawo dubu 60 ne ko kuɗin dala, kuma wannan ya faɗi. Abin da kike buƙata yanzu kuɗin data ne, da kuɗin mota zuwa makaranta, da yini ɗaya ko biyu da wani zai riƙe miki yara ki zauna a laburare tun safe har la'asar. Mutumin da ya biya kuɗin digiri na biyu ba zai ji wannan ya yi masa yawa ba, kuma zai fi jin ciwo in daga baya ya ji kin sayar da gwal ɗin aurenki a ɓoye don kina jin nauyinsa. Ki zaunar da shi bayan isha'i ki nuna masa babin da jan biron malam, ki gaya masa ranar da kike son tafiya.

In kin je laburaren aka ce miki babu, ko aka yi ta yi miki jeka-ka-dawo, ki sake rubuto min. Ki gaya min ainihin abin da suka ce, ki haɗo da sunayen maƙalun da suka ƙi samuwa da lambar DOI ɗin kowace, wadda za ki gani a saman shafin maƙalar tana farawa da 10. Har yanzu ina da abokan aiki a laburarori, za mu duba tare. Allah ya ba ki sa'a, ya sauki matan da kike dubawa lafiya. Ki gaishe min da Inna.